Waƙar Damina da Ƙuruciyar da Ruwan Tiga Ya Rufe

Gabatarwa

Daga cikin jigogin da ɗaliban adabi kan ci karo da su tun a shekarar farko ta jami'a, akwai wanda ya haɗa siffanta halitta da kukan rabuwa da ƙuruciya. Mawaƙi yakan tuna gonar da ya yi wasa a cikinta, ko rafin da ya yi wanka, ko tsuntsayen da ya bi da gudu, sa'an nan ya nuna yadda girma ya zo ya raba shi da wannan farin ciki da kuma tsarkin zuciyar da ke tare da shi. Jigon ya yi ƙarfi ƙwarai a waƙoƙin Ingilishi, kuma ta hanyar manhajar makarantun boko ya shigo ƙasar Hausa. Saboda haka ba abin mamaki ba ne a ga ɗalibin da aka ba shi rubutacciyar waƙar Hausa mai maganar daji da ruwan sama ya hau lalube yana neman wannan jigo a cikinta. In bai same shi ba, sai ya ɗora mata shi ƙarfi da yaji, ko kuwa ya yanke hukuncin cewa waƙar ta gaza.

Manufar wannan maƙala ita ce ta bi tarihin al'amarin ta hanyar waƙa guda da ƙasa guda. Waƙar ita ce Waƙar Damina ta Na'ibi Sulaiman Wali. Ƙasar kuwa ita ce yankin Tiga a kudancin Kano, watau inda Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa suke, inda aka datse Kogin Kano tsakanin 1971 da 1974. Abin da ake son nunawa shi ne, waƙar Hausa ta gāji wani irin kallo da take yi wa halitta da ƙuruciya wanda babu kukan hasara a cikinsa, domin an gina shi ne a kan tabbacin cewa abin da ya tafi bara zai dawo bana. A Tiga tarihi ya karya wannan tabbaci cikin 'yan shekaru kaɗan, har waƙar da aka tsara don murna ta zama tana ɗauke da wani nauyi da mai ita bai aza mata ba.

Asalin jigon a Turai

Ya kamata a fara da sanin cewa ko a Turai ma jigon yana da lokacin da ya tsiro. A shekarar 1762 Rousseau ya fitar da littafinsa na tarbiyya a Faransa, inda ya kafa hujja cewa yaro nagari ne tun asali, zaman jama'a ne ke ɓata shi. William Blake ya buga waƙoƙinsa na tsarkin ƙuruciya a 1789, ya biyo su da na sanin duniya a 1794. A 1807 William Wordsworth ya fitar da doguwar waƙarsa da take nuna cewa yaro yakan ga wani haske a jikin itatuwa da koramu, hasken kuma yakan dushe a hankali yayin da shekaru ke ƙaruwa. Duk wannan ya faru ne a daidai lokacin da masana'antu ke janye mutanen Ingila daga ƙauyuka zuwa birane, ana kuma sa ƙananan yara aiki a masaƙu da ramukan kwal.

A wajen Wordsworth hasarar a cikin zuciya take: dutsen yana nan, tafkin yana nan, idon mai kallo ne ya sauya. Amma akwai wani mawaƙin da labarinsa ya sha bamban, shi ne John Clare, ɗan talakawan ƙauyen Helpston, wanda aka haifa a 1793 ya rasu a 1864. A 1809 aka yi dokar killace filayen ƙauyensu, aka rarraba makiyaya da burtalai ga masu hali, aka sare itatuwa, aka miƙar da koramu. Clare ya girma ya tarar wuraren da ya yi wasa an shafe su daga doron ƙasa. Wannan rarrabewa tsakanin mawaƙin da idonsa ya sauya da mawaƙin da ƙasarsa ta sauya za ta yi amfani idan aka zo kan Tiga.

Halitta da ƙuruciya a tsohuwar waƙar Hausa

Rubutacciyar waƙar Hausa ta bunƙasa ne a hannun malaman jihadi na ƙarni na 19, su Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da Abdullahi da Nana Asma'u da almajiransu. Mervyn Hiskett, a littafinsa na 1975 kan tarihin waƙoƙin Musulunci na Hausa, ya bi manyan rassanta: wa'azi, da madahu, da tauhidi, da fiƙihu, da tarihi, da kuma taurari da hisabi. A cikin waɗannan rassa babu wanda aka keɓe don siffanta halitta saboda kyawunta. Halitta tana shigowa ne ta ƙofa biyu. Ta farko, a matsayin aya, watau hujjar ikon Mahalicci. Alƙur'ani ya maimaita misalin matacciyar ƙasa da ruwan sama ke rayarwa don tabbatar da tashin ƙiyama, kuma malamin da ya ga tsiro ya keto bayan ruwan fari, wannan misalin ne ke fara zo masa. Ta biyu, a matsayin lissafi. Waƙoƙin taurari suna jera manzilolin shekara domin manomi ya san lokacin shuka da na marka da na ɗaukewar ruwa. Ko bayan an shiga ƙarni na 20 al'adar ba ta gushe ba, sai ta koma ta kamance da siffantawa. Kadaurar da Aƙilu Aliyu ya yi wa waƙa, alal misali, ilimi ne aka sa wa rigar itaciya.

Ƙuruciya ita ma tana da nata matsayi. Musulunci ya karantar da cewa ana haihuwar kowane yaro a kan fiɗira, kuma ba a rubuta masa zunubi sai ya balaga. To, amma wannan tsarki hukunci ne na shari'a, bai sa Bahaushe ya ɗauki yaro a matsayin mai hangen abin da babba ba ya gani ba. Karin magana ma akasin haka take faɗi: abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba. Ana cewa ƙuruciya dangin hauka ce, yaro bai san wuta ba sai ya taka, yaro man kaza ne in ya ji rana sai ya narke. Girma a nan riba ce, domin da shi ake samun hankali da kunya da mutunci. Mai wa'azi in ya ambaci ƙuruciya, yakan ambace ta ne don ya tsoratar da wanda ya ɓata ta a wasa. Game da waiwaye kuwa, an riga an yanke magana cewa kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba.

Duk da haka akwai wata ƙofa ta kuka da malaman zaure suka sani sarai. Ɗalibin da ya kai ga karatun Shu'ara, watau waƙoƙin Larabawan jahiliyya irin su Imru'ul Ƙaisi, ya san al'adar buɗe ƙasida da tsayawa a kan kufai, mawaƙi ya dubi gurbin murhu da turakun da aka bari ya tuna waɗanda suka tashi. Kalmar kufai kanta tsohuwa ce a Hausa, kuma ƙasar Kano cike take da kufan garuruwan da yaƙi ko fari ya tasa. Sai dai kukan kufai kukan mazauni ne da mutanensa, bai taɓa zama kukan tsarkin yaro ba.

Waƙar Damina

A shekarun 1950 Hukumar NORLA da ke Zariya ta ɗauki nauyin samar da littattafan karatu don yaƙi da jahilci. A 1957 aka fitar da Waƙoƙin Hausa, ƙaramin kundin da ya tara waƙoƙin marubuta daban-daban, wanda daga baya ya zama abin karantawa a makarantun sakandare da kwalejojin horon malamai na Arewa. Waƙar Damina ta Na'ibi Sulaiman Wali, mutumin Kano daga gidan malanta da shari'a, ta yaɗu ne ta wannan hanya. A 1968 D. W. Arnott na Makarantar Nazarin Gabas da Afirka ta Jami'ar Landan ya fassara ta zuwa Ingilishi ya yi mata sharhi a mujallar makarantar, abin da ya sa ta shiga cikin waƙoƙin Hausa na farko da aka yi wa nazarin salo a ƙasashen waje.

Abin da ya ja hankalin manazarta gare ta shi ne ta ba halitta fili fiye da yadda aka saba. Jigonta zuwan damina ne da yadda ƙasa da abin da ke kanta suke farfaɗowa bayan wahalar rani. Ga mai karatun da ya taso da waƙoƙin Ingilishi, wannan ya yi kama da abin da ya sani, kuma daga nan ne ruɗani yake farawa. Murnar damina a ƙasar Hausa murnar jama'a ce baki ɗaya, kuma tushenta tsoro ne: tsoron rumbun da ya kusa ƙarewa, da rijiyar da ta ja baya, da dabbar da ta rame. Kirarin da ake yi mata na uwar albarka daga nan ya fito. Wanda bai san bazara ba ba zai gane dalilin da zai sa a tsara wa hadari waƙa ba.

Haka kuma lokacin da waƙa irin wannan take tafiya a kansa zagaye yake yi. Bazara ta kawo damina, damina ta kawo kaka, kaka ta miƙa wa hunturu da rani, a sake komawa. Waƙar Wordsworth tana tafiya ne a kan miƙaƙƙen layi daga haihuwa zuwa tsufa, shi ya sa kowane taki a cikinta rabuwa ne. A cikin zagaye kuwa ba a rabuwa da komai. Dattijon da ya ga jikokinsa sun fita tsirara cikin ruwan fari ba shi da dalilin kuka, domin ga ƙuruciyarsa nan a gabansa, a fili guda, ƙarƙashin itatuwan da ya hau. Sharaɗin kawai shi ne filin ya zauna yadda yake.

Ƙasar Tiga kafin ruwa

Kogin Kano yana tasowa ne daga tsaunukan kudu, ya ratso dajin da a zamanin Turawa aka keɓe da sunan gandun Kogin Kano, wanda yanzu ake kira Falgore, ya nufo arewa har ya haɗu da Kogin Challawa su zama Kogin Haɗeja. Wannan yanki ya fi birnin Kano samun ruwan sama, daminarsa ta fi tsawo, itatuwansa sun fi kauri. Ƙasar ɗorawa ce da kaɗanya da tsamiya da kanya da ɗinya, ga duwatsu, ga fadamu a bin kogi. Hausawa Musulmi da Maguzawa da Fulani makiyaya sun daɗe suna zaune a cikinta.

Tsohuwar ƙasa ce mai tarihi. Bebeji gari ne mai ganuwa a kan hanyar fatake ta Kano zuwa Zariya. Clapperton ya bi ta cikinsa a 1826 ya bayyana shi a matsayin babban garin ciniki, a nan aka haifi Alhassan Ɗantata a 1877, kuma a nan rundunar Turawa da ta taso daga Zariya ta fara gamuwa da turjiya a farkon 1903 kafin ta isa Kano. Ba a kuma cewa zaman dā zaman lafiya ne zalla. A rabin ƙarshe na ƙarni na 19 mayaƙan Ningi sun yi ta kai hari kudancin Kano suna kama mutane. Baba ta Karo, wadda ta taso kusa da Zarewa, yamma da Kiru, ta ba Mary Smith labarin rayuwarta a 1949 da 1950, aka buga shi da Ingilishi a 1954, da Hausa kuma a 1991. A cikin labarin wasannin 'yan mata da bukukuwa suna tafiya kafaɗa da kafaɗa da fargabar mahara da fansar waɗanda aka kama. Duk mai son ya mai da ƙuruciyar dā aljanna, wannan littafi ya ishe shi gargaɗi.

Abin da za a iya tabbatarwa shi ne, shekarar yaron ƙauye a wannan yanki tana bin shekarar ƙasa sau da ƙafa. Da bazara yana taya sassabe da ƙonar gona, yana duban shamuwa, wadda zuwanta ke nuna ruwa ya kusa, wadda kuma ba a taɓa ta ko da ta yi sheƙa a tsakiyar gari. Ran da aka yi ruwan shuka yana bin mai sungumi, yana jefa iri yana rufewa da diddige. Da daddare a kama shinge a bakin fitila. In shuka ta tashi aka ɗaure dabbobi a turke, yankan ciyawa nasa ne, haka ma korar tsuntsaye in gero ya fara ido, ladansa kuwa tumu. Da kaka akwai kala a gonakin da aka girbe, da kalankuwa, da kokawa, da gaɗa a dandali in wata ya yi fari. Da hunturu akwai tatsuniya a ɗakin tsohuwa da karatun allo a gefen wutar kara. Da rani kogi yakan tsinke ya bar gurabe, a yi su a kama tarwaɗa, a tona yashi a ɗebi ruwa, masu lambu su kafa jigo a bakin fadama, samari su shiga daji farautar gafiya da zomo. Kowane wata da irin 'ya'yan itacen da ake tsinka da irin wasan da ake yi. Ibrahim Yaro Yahaya ya tattara irin waɗannan tatsuniyoyi da wasanni na yaran Hausawa ya buga su a farkon shekarun 1970, watau a daidai lokacin da motocin tona ƙasa suka isa Tiga.

Daga 1971 zuwa 1976

An ƙirƙiri Jihar Kano a 1967, aka naɗa Kwamishinan 'Yan Sanda Audu Bako gwamnanta, ya riƙe ta har 1975. Babbar manufarsa ita ce tare ruwan damina don a yi amfani da shi da rani. An fara da ƙaramar madatsar Bagauda, sa'an nan aka shiga aikin Tiga a 1971 aka kammala a 1974. Bangon ƙasa ne mai tsawon kimanin kilomita 6, tafkin da ya taru a bayansa ya kai murabba'in kilomita 178, an kuma tsara shi ya riƙe ruwa kusan kubik mita biliyan 2. Ana cikin aikin ne farin 1972 zuwa 1974 ya afka wa ƙasashen Sahel da arewacin Nijeriya, dabbobi suka mutu, gero ya ƙone a gona. Wanda ya ga wannan fari ba zai yi gardamar dalilin gina madatsar ba.

Amma ruwan da aka tara sai da ya kwanta a kan wani abu. Ya kwanta a kan gonaki da fadamu da ƙauyuka da maƙabartu da itatuwan da kowace ke da mai ita. An tashi dubban mutane aka sake musu matsuguni a kan tudu. Fadama kuwa ba a ɗaukarta a kai ta tudu. Wanda ya rasa ta ya rasa rake da shinkafa da lambun rani, yaransa kuma sun rasa makarantar da ake koyon sunayen ciyayi da kifaye da tsuntsayen bakin ruwa.

Daga madatsar aka ja babbar hanyar ruwa zuwa arewa don Shirin Noman Rani na Kogin Kano, wanda aka fara gwada shi a Kadawa, aka tsara kashinsa na farko ya kai hekta 22,000 a yankin Kura da Bunkure da Garun Malam. A 1976 Gwamnatin Tarayya ta kafa Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, wadda daga baya aikin ya koma hannunta. Alkama da tumatir da shinkafa suka zama amfanin rani. Binciken da Tina Wallace ta yi a yankin shirin a ƙarshen shekarun 1970 ya nuna cewa ƙananan manoma da yawa sun sha wuyar kuɗin taki da na ruwa da na ƙwadago, ribar kuma ba ta rabu daidai ba. Ruwan da ke kwance shekara duka ya kuma ba sauro da tsargiya wurin zama, tsargiya kuwa yaran da ke wanka a magudanai ta fi kamawa.

A watan Satumba na 1976 aka ƙaddamar da shirin ba da ilimin firamare kyauta ga kowa a Nijeriya. Yaron da dā shekararsa ke bin shamuwa da tumu sai ta koma bin zangon karatu da hutu. Abin lura a nan shi ne, makarantar da ta ɗauke shi daga gona ita ce kuma ta miƙa masa Waƙar Damina a takarda. Ya fara karanta siffar damina a aji a daidai shekarun da zamansa da ita ya fara raguwa.

Masu karatu uku

Daga wannan tarihi za a ga cewa madatsar ta raba mutanen kogi guda gida uku, kuma kowane gida da yadda waƙar za ta sauka a kunnensa.

Na farko su ne na bayan bango, mutanen da ruwa ya ci ƙasarsu da maƙwabtansu na Tudun Wada da Doguwa. Ruwan Tiga gangarawa yake yi arewa, saboda haka akasarin gonakinsu na tudu har yanzu da ruwan sama suka dogara, masara da dawa sai damina ta yi kyau. A wajensu tsoron bazara da murnar hadari suna nan daram. Abin da ya ɓace shi ne wurin. Dattijon da aka haifa a ƙauyen da ke ƙarƙashin tafki ba zai iya kai jikansa gindin tsamiyar da ya yi wasa ba. Balaraben jahiliyya ya sami kufan da zai tsaya a kai, shi kuwa wannan nasa kufan sai dai ya nuna shi da yatsa daga cikin kwalekwale. Halinsa ya fi kusa da na John Clare nesa ba kusa ba a kan na Wordsworth.

Na biyu su ne na gaban bango, mutanen Kadawa da Kura da kewaye. Ƙasarsu tana nan, amma zagayen shekara ya sauya. Yaron da ya taso yana ganin kore shar a watan Fabrairu, yana tsinkar tumatir da hunturu, bai san rani a matsayin lokacin da ƙasa ke mutuwa ba. Cin rani ya ragu, domin aiki ya zo gida, har baƙi ke zuwa nema. A wajen wannan yaro, ɗokin da waƙar ta ginu a kansa abu ne da sai malami ya yi masa bayani.

Na uku su ne na can ƙasa, mutanen fadamun Haɗeja da Nguru, waɗanda noman shinkafarsu da kamun kifinsu da kiwonsu suka dogara da ambaliyar kowace shekara. Tiga, da madatsar Challawa da aka gama a 1992, sun rage wannan ambaliya, sun kuma sa ruwa yana gudana kaɗan-kaɗan har da rani, abin da ya ba ciyawar kacalla damar toshe hanyoyin ruwa. A nan damina tana iya sauka daga sama ba ta iso ta kogi yadda aka saba ba. Fashewar madatsar Bagauda a watan Agusta na 1988, wadda ta yi ɓarnar gidaje da gonaki, ta ƙara koya wa mutanen yankin duka cewa ruwan marka yanzu yana da wata fuskar da kakanninsu ba su sani ba.

Abin da wannan ke nufi ga nazari

Hanyar nazarin waƙa da ta kafu a jami'o'in Kano da Zariya da Sakkwato, wadda Abdulƙadir Ɗangambo ya yi wa laƙabi da gadon feɗe waƙa, tana bin tarihin mawaƙi da jigo da warwararsa da zubi da tsari da salo. Hanya ce mai kyau, kuma ita ce za ta hana ɗalibi ɗora wa Waƙar Damina jigon da ba nata ba. Idan aka bi ta da gaskiya za a tarar jigon waƙar murna ce da godiya. Kukan ƙuruciya, in an ji shi, daga wajen mai karatu ya fito, kuma wajibi ne a koya wa ɗalibi rarrabe abin da ke cikin baiti da abin da shi ya zo da shi.

Sai dai abin da mai karatu ya zo da shi ba abin yarwa ba ne, shi ma abin nazari ne, muddin an kira shi da sunansa, watau tarihi. Alamarsa ta farko tana cikin kalmomi. Waƙar da ke siffanta halitta da sunaye take aiki, kuma suna yana rayuwa ne muddin abin da yake nufi yana gaban ido. Malamin da ya tsaya yana fassara wa 'yan aji jigo da sungumi da gauraka da tumu, Hausa zuwa Hausa, ya riga ya shiga aikin masanin tarihi ko bai yi niyya ba. Jerin kalmomin da ɗaliban Tudun Wada suka sani amma na Kura ba su sani ba, da waɗanda duka biyun suka rasa, zai nuna inda ƙasa ta sauya da irin sauyin da ta yi.

Alama ta biyu tana bakin mutane. Idan akwai waƙar hasarar ƙuruciya a ƙasar Tiga, ba lalle ne a same ta a rubuce da amsa-amo da ma'aunin aruli ba. Wurin nemanta shi ne waƙoƙin niƙa da daɓe na mata, da waƙoƙin gaɗa, da kirarin masunta da mafarauta, da sunayen fadamu da gurabe da duwatsu waɗanda ba su shiga taswira ba. Yaron da yake da shekara 10 lokacin da aka rufe bakin madatsar a 1974 yanzu ya haura 60. Waɗanda suka yi noma a fadamun da hannunsu sun girme shi, kuma suna ƙarewa.

Kammalawa

An ga cewa jigon halitta da gushewar tsarkin ƙuruciya ya tsiro ne a Turai a wani lokaci sananne, kuma tsohuwar waƙar Hausa ba ta da shi, saboda ta ɗauki halitta aya da lissafi, ta ɗauki girma riba, ta kuma dogara da shekarar da ke zagayowa a fili guda. Waƙar Damina ta faɗaɗa siffantawa ba tare da ta fita daga wannan gado ba. An kuma ga yadda tsakanin 1971 da 1976 madatsar Tiga da noman rani da makarantar firamare suka taɓa filin da zagayen da kuma shekarar yaro a kudancin Kano, kowanne ta fuskarsa. Aikin da ya rage na sassan Hausa ne da ɗaliban da ke neman batun digiri na biyu da na uku: a je garuruwan da aka sake wa matsuguni a bakin tafkin, a karanta wa dattawa waƙar, a ɗauki abin da za su ce a kanta da sunayen wuraren da za ta tuna musu, a kuma rubuta waƙoƙin da su da kansu suka yi a dandali kafin ruwa ya zo.